Yadda za ka jera albam da waƙoƙin Mdou Moctar ba tare da ka zalunci ko ɗaya ba

Duk inda masu son kiɗan jita suka haɗu, ko a majalisa ko a gurup ɗin WhatsApp, ba a watsewa sai an taɓa musun nan, wane albam ne ya fi a cikin na Mdou Moctar, wace waƙa ce bakandamiyarsa, wacce ce kuma cikon benci. Abin da ke ɓata min rai shi ne yawancin masu ɗaga murya waƙa biyu ko uku kawai suka ji a YouTube, shi ke nan sai mutum ya miƙe ya ce wai Funeral for Justice ya fi komai don shi ya fi ƙara, wani kuma ya ce Anar ba komai ba ne tunda sautinsa kamar na tsohuwar waya. Wallahi wannan ba awo ba ne. Na daɗe ina bin mutumin nan da abokan kiɗansa, kuma ga yadda nake yi in zan jera aikinsu, hanyar za ta yi maka amfani ko da ƙungiyar makaɗan Abzinawa ta Tinariwen za ka auna ko wata ƙungiyar rok ta Turawa.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne ɗan Nijar daga jihar Tawa, wajejen Abalak da Cintabaraden. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke.

Da farko dai ka tattara kayan gaba ɗaya a gabanka, kar ka fara awo alhali rabin hatsin yana rumbu. Akwai Anar da aka ɗauka a Sakkwato a 2008, sai Afelan a 2013, sai Sousoume Tamachek a 2017, sai Ilana: The Creator a 2019, sai Afrique Victime a 2021, sai Funeral for Justice a 2024, sannan Tears of Injustice a 2025. Akwai kuma waƙoƙin fim ɗin da ya fito a ciki a 2015 wanda aka ɗauka a Agadas, da Niger EP guda biyu na 2022, wato gajerun albam. Ni waɗannan na ƙarshen ajiye su nake a gefe, don na fim an yi su ne su bi labari, su kuma EP ɗin tarin abubuwa ne da aka ɗauka nan da can, ba a zauna an gina su a matsayin albam ba, in ka sa su a sikeli ɗaya da sauran ka cuce su.

To yanzu sauraro. Ka bi su a jere yadda suka fito, daga 2008 zuwa sama, kuma kowane albam daga waƙar farko har ta ƙarshe, kar ka bar waya ta riƙa zaɓo maka tana tsalle-tsalle. Sannan kowanne ka ji shi sau uku aƙalla a wuri uku daban, sau ɗaya da iyafis cikin dare lokacin da gari ya yi tsit, sau ɗaya a lasifikar wayar kanta ba tare da komai ba, sau ɗaya kuma a babbar sifika kana wani aiki ko kana tuƙi. Mutane suna raina wannan matakin amma nan ne gaskiya take fitowa. Ka ɗauki Anar, in ka sa shi a iyafis mai tsada za ka ji shi siriri, gangar inji ce ba ta hannu ba, muryar kuma an bi ta da na'urar nan mai lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, don a situdiyon Sakkwato aka yi shi kuma salon da ake yayi ke nan a lokacin. Amma sa shi a lasifikar waya ka ji, nan gidansa yake, don ta haka ya yaɗu, daga memori zuwa memori, daga bulutut zuwa bulutut, tun ba a fitar da shi a hukumance ba, har waƙar Tahoultine ta faɗa kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones, kuma daga nan ƙofar waje ta buɗe. Shi kuwa Funeral for Justice a lasifikar waya hayaniya kawai za ka ji, bes ɗin ya ɓace, gangar ta zama kamar ana buga kwano, sai ka ba shi babbar sifika sannan ya nuna maka ko shi wane ne. Kowanne ka auna shi a inda aka yi shi domin a ji shi.

Abu na gaba, kuma shi ne ya fi wuya, ka koyi raba waƙa da rigarta. Waƙa daban, yadda aka ɗauke ta daban. Sa'ar da muka yi da Mdou ita ce ya ba mu abin gwaji da hannunsa, don waƙar Sousoume Tamachek ta fito a 2017 a natse, a hankali, kamar mutum na zaune a tsakar gida bayan isha'i yana kaɗawa don kansa, sai ga ta ta dawo a 2024 cikin Funeral for Justice da wuta da gudu kamar ba ita ba, sannan ta sake dawowa a Tears of Injustice an sauke mata wutar. Ka jera ukun nan ka ji su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage bai canja ba a cikin ukun, wato karin da amshin da abin da ake faɗa, shi ne waƙar, sauran duk riga ce. In ka saba da wannan sai ka riƙa yi wa kowace waƙa tambayar, in aka cire mata ƙarar lantarki aka bar ta da jita ɗaya da tafi, za ta tsaya da ƙafarta? Ni gwajin da nake yi mai sauƙi ne, washegari da safe in ina wanke fuska, wacce ce bakina ke rerawa da kansa ba tare da na nema ba. Tala Tannam kullum tana cin wannan gwajin, ba ta da wani hargagi, jita ce mai sanyi da muryoyi suna amsa wa juna, amma ta kan kwana uku a kaina. Akwai kuma waɗanda lokacin da ake kaɗa su jikinka na rawa, da an kashe sai ka nemi karin ka rasa, waɗannan rigar ce ta ɗauke su.

Kar kuma ka yanke hukunci ba ka san me ake cewa ba. Yawancin waƙoƙin da Tamashek, harshen Abzinawa, ake yin su, mu kuma Hausawa mun fi kowa sanin cewa waƙa magana ce, ba wanda zai auna waƙar makaɗin fada bai ji abin da ya faɗa ba. In kana da aboki mai jin Tamashek, a Agadas ne ko Tawa ko ma Sakkwato da Kano, ka dafa masa shayi ka zaunar da shi ya warware maka, in babu kuma fassarar wasu tana nan a intanet. Ni Imouhar da farko a tsakiya na ajiye ta, sai da na gane kira ne yake yi wa mutanensa kar su bar harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu, sai na koma na sake ji, yadda take farawa can ƙasa-ƙasa kamar daga nesa sannan ta fashe gaba ɗaya, sai na ga ashe tsarin kiɗan ma maganar yake yi. Haka Oh France, in ba ka san tarihin Nijar da Faransa ba, da yuraniyom ɗin Arlit da aka shekara da shekaru ana haƙa alhali garuruwa da yawa ba su da wutar kirki, za ka ɗauka fushi ne kawai na ɗan rok. Kuma ka lura an ɗauki Funeral for Justice, albam ɗin da waƙoƙin nan biyu ke ciki, tun kafin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ba wai ya ga iska ta juya ba ne ya bi.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne a kafa kunne a kan jitar Mdou kaɗai. E gwani ne, ba musu, yatsunsa in suka hau wayoyin nan a ƙarshen Tarhatazed sai tsigar jikinka ta tashi. Amma daga Afrique Victime zuwa Tears of Injustice ƙungiya ce ta mutum huɗu, akwai Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da Mikey Coltun ɗan Amurka a bes wanda kuma shi ke kula da haɗa sautin albam ɗinsu na baya-bayan nan. Ka ware sauraro guda ɗaya ka ce yau ba ruwana da Mdou, Ahmoudou zan bi. Za ka ji mutumin nan ya riƙe kari ɗaya minti biyar, shida, bai gaji ba bai kauce ba, shi ne turken da aka ɗaure komai a jikinsa, in babu shi duk shawagin da Mdou ke yi a sama ba inda zai sauka. Sannan wani sauraron ka bi Souleymane. A waƙar Afrique Victime kanta, wadda ta haura minti bakwai, ka lura da yadda yake ƙara gudu kaɗan-kaɗan ba ka ankara ba, kamar raƙumi da ya fara da tafiya ya koma sassarfa ya koma sukuwa, har lokacin da jitar za ta ɓarke ka riga ka miƙe tsaye ba ka sani ba. Ga kuma maganar da ke ciki, kukan Afirka da abin da aka yi mata, har da ambaton Gaddafi. Kari ya yi, magana ta yi, mutum huɗun kowa ya kawo ƙarfinsa, shi ya sa a wajena ita ce bakandamiyar, kuma ban taɓa jin hujjar da ta girgiza ni a kan haka ba.

Wajen gano masu rauni kuwa kar ka wahalar da kanka da dogon tunani, hannunka zai gaya maka. Ka samu takarda ka rubuta sunayen waƙoƙin kowane albam, duk lokacin da ka ji yatsanka na son danna gaba sai ka yi ɗan layi a gefen sunan, kar ka danna ɗin fa, ka daure ka ji ta har ƙarshe. Bayan sati biyu ka duba wacce ta tara layuka. Sai dai ka cire 'yan gajerun nan na tsakiya irin su Djallo #1 ko wadda ba a sa wa suna ba a Afrique Victime, su ba waƙoƙi ba ne, wurin shan iska ne kafin a shiga ta gaba, ba adalci ba ne a kira su masu rauni. Ni a takardata Tchinta ta Funeral for Justice ce ta fi tara layi, ba don an kaɗa ta ba daidai ba, a'a, sai don inda aka ajiye ta kunnena ya riga ya ƙoshi da zafi, ina neman ruwa aka sake miƙo min yaji. Kuma wannan shi ne babban abin da nake riƙe da Funeral for Justice da shi, ƙarfinsa ya yi yawa a jere, ba ya barin ka ka numfasa kamar yadda Afrique Victime ke yi, inda za a ƙona ka da Chismiten sannan can a kwantar da kai da Tala Tannam da Ya Habibti kafin a sake tayar da kai. Albam ba a auna shi da waƙarsa mafi kyau kaɗai, ana duba mafi rauninsa, ana kuma duba yadda aka jera su.

Kafin ka rufe takardar ka nemi bidiyonsu suna kaɗawa a gaban jama'a, akwai na gidan rediyon KEXP a Amurka, akwai kuma na bukukuwan aure a Nijar da mutane suka ɗauka da waya, ƙura na tashi janareto na kuka samari na rawa. Wata waƙar da ka raina a albam in ka gan ta a filin biki sai ka ba ta haƙuri, don can aka haife ta.

Nawa jerin a yau, Afrique Victime ne a sama. Ilana na biye, don shi ne karon farko da suka shiga situdiyo a matsayin cikakkiyar ƙungiya, a Detroit, kuma kana jin yunwar a cikinsa, Kamane Tarhanin kaɗai ta isa shaida. Sai Funeral for Justice, sai Sousoume Tamachek, sai Anar wanda nake ɗaga shi sama da inda mutane ke ajiye shi saboda karin waƙoƙinsa sun fi rigarsu nesa ba kusa ba. Afelan ne a ƙasa, ɗaukar ta yi kaushi har tana rufe wasu wuraren da ya kamata a ji, duk da cewa akwai zuma a ciki ga mai haƙuri. Tears of Injustice kuwa na kasa ba shi lamba shi kaɗai, tunda waƙoƙin Funeral for Justice ne aka sake kaɗawa ba ƙarar lantarki, kuma an ɗauke shi ne a Amurka lokacin da juyin mulki ya rufe hanya suka kasa komawa gida wajen iyalansu, kana jin kewar a muryoyin. Abin da nake yi yanzu shi ne in haɗa su biyun in ji su a zama ɗaya, mai wutar da farko sannan mai sanyin, kuma in aka ji su a haka numfashin da na ce babu ya samu, har nakan ji suna neman ture Ilana daga na biyu. Wata mai zuwa zan sake fito da takarda in yi musu sabon layi in gani.