Yadda ake rubuta labarin zambo da bakin mace mai kisa wadda ba a gaskata zancenta

Marubucin da yake son gina irin wannan labari ya fara da muryar matar kafin ya yi tunanin gawa. A ba ta harshen mace mai ladabi, irin wadda ake yabo a unguwannin Hausawa na Garwa ko Marwa a ƙasar Kamaru saboda kunya da haƙuri, domin ladabin nan shi ne labulen da take ɓuya a bayansa. Kada ta taɓa cewa ta kashe kowa. Abin da za ta ce shi ne kwanan Alhaji ya ƙare, ko kuma Allah ya karɓi abinsa, sannan ta wuce zuwa bayanin zannuwan da ta ɗaura lokacin takaba.

Aiki mafi wuya shi ne barin ƙaryarta ta tonu daga bakinta ba tare da marubuci ya sa baki ba. Idan ta ce mijin ya rasu da damina, lokacin da kogin Binuwai ya cika, to, bayan shafi talatin ta ambaci ƙurar hunturu da ta rufe masu ɗaukar makara. Ta yi kurin cewa ta sayi farin yadi da rahusa a kasuwa, mai karatu kuma ya lissafa da kansa cewa mako guda kafin ciwon ya kama mijin ne. Irin waɗannan ɓarakoki biyu ko uku sun isa, domin in sun yi yawa sai ta zama wawuya, kuma wawuya ba ta ba da tsoro. Sanin fiƙihu ma yana da amfani a nan: matar da ta san cewa takaba wata 4 ce da kwana 10, kuma rabon mata a gado tumuni ne idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, wanda kishiyoyi ke rabawa tsakaninsu, ta riga ta nuna dalilin mutuwar mijin, da ta amarya ma in akwai ta a labarin, ko da ba ta faɗa ba.

Zambon kuwa a karkata shi kan jama'ar da ke kewaye da ita. Dangin miji masu ƙirga shanu da sefa tun kafin sadakar uku, 'yan gaisuwa masu duba yawan naman da ke cikin kwano, da jandarman da ya yi tambaya da Faransanci, ta amsa masa da Fulatanci cikin kuka, ya sha shayi ya tafi, su ne abin dariyar. A ganina gatse da habaici sun fi zagi kai tsaye tasiri.

Bayanin yadda kisan ya auku a taƙaita shi ƙwarai, kuma kada a ambaci sunan guba ko yadda ake haɗa ta. Jimla ɗaya game da kunun da ta dama da hannunta ta wadatar.