Tantunan zanga-zanga a jami'o'in Amurka: abin da mai bizar karatu zai sani kafin ya shiga

Duk shekara sai an samu sabon zuwa da ko sanyin farko bai sha ba, ya miƙe a taron ɗalibanmu yana cewa ai nan Amurka ce, kowa na da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Yaranmu ba matsorata ba ne, kuma ba wanda zai ce su toshe kunne game da Gaza ko Sudan. Sai dai wanda ya shigo da bizar karatu ta F-1 da ɗan ƙasar da suke kwana ɗaki ɗaya, ba hukunci ɗaya ke jiransu ba.

Dokar kanta ba ta da wuyar ganewa. Gyara na farko na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya kare 'yancin magana, gwamnati ya ɗaure wa hannu, don haka yana aiki a jami'o'in jiha irin su UCLA da Jami'ar Texas da ke Austin. Jami'o'i masu zaman kansu kamar Columbia da Cornell, littafin ƙa'idojinsu ne ke mulki, in ban da Kalifoniya da ta yi tata dokar ta musamman. Ko a jami'ar jiha ma, hukuma na da ikon ƙayyade lokaci da wuri da yadda za a yi taro. Ɗaga kwali magana ce. Kafa tanti a kwana kuwa, tun 1984 Kotun Ƙoli ta amince da hana masu zanga-zanga kwana a wani lambu da ke gaban Fadar White House. Da zarar an ce ku watse kun ƙi, laifin ya tashi daga batun magana ya koma zama a wuri ba izini. Haka aka yi a Columbia: an kafa tantuna ranar 17 ga Afrilun 2024, washegari shugabar jami'ar Minouche Shafik ta kira 'yan sandan New York, aka kwashe sama da mutum 100.

Sababbin zuwa 'yan sanda suke tsoro. Abin tsoron na gaske saƙon imel ne daga ofishin ladabtarwa mai cewa an dakatar da kai na wucin gadi. Ba a jiran a saurare ka kafin ya fara aiki. Katinka na makaranta zai daina buɗe ƙofa, ɗakin kwana da ɗakin cin abinci duk sun haramta gare ka. Ɗan ƙasa zai koma gidan iyayensa ya jira. Kai kuwa zamanka a ƙasar ya rataya ne a kan kasancewarka cikakken ɗalibi, wato kiredit 12 a zango ga mai digirin farko. Idan dakatarwar ta kai ga cire ka daga rajista, jami'in ofishin ɗaliban ƙetare, wanda ake kira DSO, dole ne ya shigar da hakan a SEVIS, rumbun bayanan ɗaliban ƙetare na gwamnati, cikin kwana 21. Ba mugunta ba ce, aikinsa ne, ko da kuna gaisawa kullum.

A nan lissafin kwanaki ke da muhimmanci, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Wanda ya kammala karatu lafiya yana da kwana 60 na shirin tafiya. Wanda ya janye da izinin DSO yana da kwana 15. Wanda aka rufe wa rajistar SEVIS saboda saɓa sharaɗi ba shi da ko kwana ɗaya. Takardarsa ta I-20, wato shaidar ɗalibcin da makaranta ke bayarwa, ta mutu, izinin aikin cikin makaranta ya tafi, haka ma alawus ɗin koyarwa ga mai digiri na uku. Ana iya neman farfaɗowa da fom I-539, galibi cikin wata biyar, amma sai makaranta ta yarda ta mara maka baya, kuma amsar takan ɗauki watanni.

Ku bambance biza da matsayin zama. Biza tambarin fasfo ce, mabuɗin shiga kawai, kuma Ma'aikatar Harkokin Waje na iya soke ta ba tare da kotu ba. A Yulin 2025 an mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wata uku, 'yan Chadi da Sudan kuwa an rufe musu ƙofa tun Yunin shekarar. Ma'ana, wanda ya fita hutu ko ya fita don ya gyara takardu, dawowarsa sai yadda hali ya yi.

Kada wani ya ce maka ai an janye tuhuma, magana ta wuce. Zanen yatsun da aka ɗauka yana nan. Fom ɗin neman biza na DS-160 yana tambaya ko an taɓa kama ka, ba ko an taɓa hukunta ka kaɗai ba. A Afrilun 2025 an rufe rajistar dubban ɗalibai bayan an gwada sunayensu da rumbun bayanan 'yan sanda, har da waɗanda aka wanke, sai da kotuna suka sa baki aka mayar. Haka kuma kada ka amsa laifi don a sassauta maka, ko da lauyan gwamnati ya ce ƙaramin abu ne. A dokar shige da fice, amsa laifi haɗe da tara ko aikin gayya na iya zama hukunci, ko an goge shi daga baya. Sai lauyan shige da fice ya duba tukuna.

Waɗanda abin ya rutsa da su sanannu ne. Mahmoud Khalil na Columbia katin zaman dindindin gare shi, amma jami'an hukumar shige da fice ta ICE suka kama shi ranar 8 ga Maris 2025, ya yi sama da wata uku a tsare a Louisiana. Rümeysa Öztürk ta Jami'ar Tufts, abin da aka danganta da kamunta shi ne wani sharhi da ta sa wa hannu a jaridar ɗalibai. Momodou Taal na Cornell, ɗan Gambiya da Birtaniya, dakatarwa aka fara yi masa, daga baya aka soke bizarsa ya bar ƙasar da kansa. A Satumban 2025 alƙali William Young na Boston ya yanke cewa baƙon da ke zaune bisa doka yana da 'yancin magana daidai da ɗan ƙasa. Hukunci ne mai daɗin ji, amma bai mayar wa kowa zangon karatun da ya rasa ba.

Wanda ya ga lallai sai ya fita, to ya tsaya ga taron da aka nemi izininsa, da rana, a fili. Kada ya shiga ginin da aka mamaye, kada ya kwana a tanti, kuma gargaɗin farko na a watse ya ishe shi, domin akan rufe hanyoyin fita kafin a fara kame. Ya rubuta lambar lauya a hannunsa da biro, tunda waya ce farkon abin da ake karɓewa. Kwafin I-20 da I-94, wato shaidar shigowa ƙasar, su kasance a aljihu, wani kwafin kuma a wajen amintacce. In an kama shi, ya ba da sunansa, ya ce yana son lauya, ya yi shiru, kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba. In kuma saƙon dakatarwa ya shigo, ofishin DSO zai nufa a ranar, ya tambaya ko sunansa na nan a rajistar zangon, ya nemi a ba shi amsar a rubuce.