Yadda Na Nemo Taron Masu Barin Giya, Da Abin Da Za Ka Tarar A Can

Shekara 11 na yi ina shan giya a ɓoye, ina aikin gadi da dare a Birmingham ta ƙasar Ingila. Duk azumi sai na ajiye kwalba wata guda cur, daren sallah kuma na koma. Na yi rantsuwa, na yi kuka a sujada, amma ni kaɗai nake dambe da abin, don kunyar a ce ɗan Musulmi mashayi ne ta hana ni buɗe baki ga kowa. Abin da ya fitar da ni shi ne zama da mutanen da suka sha irin wuyar da na sha.

Kafin batun taro, ɗan'uwa, ka ji wannan da kyau. In kana sha kullum, kada ka yanke lokaci guda kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da barasa yakan yi bore: rawar hannu, gumi, amai, wani har farfaɗiya da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, kuma yana iya kisa. Ka fara da likita. A gida Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato. Ka faɗa musu gaskiyar yawan da kake sha, kada ka rage ko kofi ɗaya.

Ƙungiyar da na shiga ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake kira AA. Mashaya biyu suka kafa ta a garin Akron na Amurka a 1935, Bill Wilson da wani likita mai suna Bob Smith. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: kana son daina sha. Ba fom, ba rajista, ba kuɗin shiga. A nan Ingila shafinsu na intanet yana da wurin da za ka sa lambar unguwarku ya jero maka tarukan kusa, da rana da lokaci. In garinku babu, akwai tarukan Zoom dare da rana a shafin aa-intergroup.org. Kana iya kashe kyamara, ka sa belun kunne, ka saurara daga cikin mota ko bayan gida.

Ka lura da iri biyu a jerin. Akwai buɗaɗɗen taro, wanda matarka ko abokinka zai iya raka ka. Akwai rufaffe, na masu matsalar kaɗai. 'Yar'uwa, ke ma akwai zaman mata zalla.

Ranar farko na isa da wuri, na tsaya a tsallaken titi kusan rabin awa, saboda zauren na wani coci ne. Wannan ya tsaya mini a rai sosai, kuma na san zai tsaya wa da yawa daga cikinmu. Haya kawai suke yi na ɗakin. AA ba ta ƙarƙashin wani addini. A matakai 12 da suke bi don barin giya ana maganar miƙa lamari ga Ikon da ya fi ƙarfinka, kowa yadda ya fahimce shi, ni kuwa ban taɓa shakkar wanda nake nufi ba: Allah ne. Idan sun yi addu'ar rufe taro, ina yin tawa a zuci, ba wanda ya taɓa ɗaga mini gira. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, akwai wasu ƙungiyoyin masu barin shaye-shaye: Millati Islami da Musulmi suka kafa a Baltimore ta Amurka, da kuma SMART Recovery da ba ta kawo zancen imani.

A ciki kujeru ne, da shayi, da biskit. Zaman yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sunan farko kawai ake faɗa. Mutum ya yi magana, sauran su yi shiru, ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. In an zo kanka kana iya cewa yau saurare ka zo yi. Na yi mako uku ban ce uffan ba. Ana zagayawa da kwano don kuɗin haya da shayi, in ba ka da shi ka miƙa gaba. Abin da ka ji a ɗakin da wanda ka gani, a nan za ka bar su.

Kada ka gudu da an tashi. Minti goman nan na wanke kofuna su suka fi yi mini amfani, a nan na karɓi lambobin waya, a nan kuma na samu jagorana, wanda suke kira sifonsa, wani dattijo da ya daɗe da dainawa. Shi nake kira idan sha'awar ta taso da ƙarfe uku na dare a bakin aiki. Ba ya tambayata alkawarin shekara, na yau kaɗai yake nema.

In taron farko bai yi maka ba, gwada wasu biyar ko shida, don kowane da yanayinsa. In ka zame ka sha, ka koma washegari ka faɗa. Na zame sau biyu a shekarar farko, kujerata na nan duk lokacin. Matata kuma ta fara zuwa Al-Anon, taron iyalan mashaya, ranar Alhamis da yamma, ni ina riƙe mata yara.