Yadda Za Ka Auna Aikinka da Ma'aunin Lambar Yabo ta Sarki Abdul'aziz

A nan Saudiyya akwai lambar yabo ta inganci mai sunan Sarki Abdul'aziz, wadda aka kafa a shekarar 2000. Japan ta riga kowa da tata ta Deming tun 1951, Amurka ta biyo da ta Baldrige a 1987. Kamfanoni da ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyi ne ke takararta, amma ma'aunin zai yi wa mai ɗakin girkin alhazai a Makka amfani, ko da ba ya da niyyar shiga gasa.

Da farko, sauko da littafin ma'aunin daga intanet ka karanta. Maki 1000 ne, an kasa su gida biyu. Kashin farko yadda kuke tafiyar da aiki, wato shugabanci, tsari, kula da ma'aikata da masu kawo muku kaya. Na biyu kuwa abin da aikin ya haifar.

Sai ka tara mutanenka, har da direba da mai wanke tukwane. Maigida kada ya ba kansa maki shi kaɗai, don kowa ya san abin da zai rubuta.

Mataki na uku shi ne mai wuya: kowace magana a kawo hujjarta a rubuce. Masu tantancewa ba sa karɓar "wallahi muna yi". Na taɓa aiki a wani ɗakin girki a unguwar Misfala ta Makka inda maigida ke rantsuwa abincinmu ba ya makara. Muka zaunar da yaro a bakin ƙofa da littafi, yana rubuta lokacin fitar mota, direba kuma yana rubuta lokacin isa masauki. Kafin mako ya ƙare asiri ya tonu. Shinkafar rana ce ke makara, saboda motar na fita daidai lokacin da hanyoyin Harami suka cushe da masu zuwa Azahar. Da na kai wa maigida littafin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To Malam, a ɗora tukunya da wuri."

Bayan nan ku tambayi masu cin abincin. Alhazanmu da yawa ba za su cika takarda ba, sai ka je masauki ka zauna da su, ka rubuta ƙorafinsu yadda suka faɗa.

Daga ƙarshe ku zaɓi matsala ɗaya ko biyu kawai, a sa sunan wanda zai gyara da ranar gamawa. Littafin bakin ƙofa kuma kada a ɗauke shi, da shi za ku kwatanta Umarar azumi da aikin Hajji mai zuwa.