Yadda ake daidaita saiti da tsinken bindiga

Masu koyon harbi sun dame ni da tambayar me ya sa saiti ke yi musu dishi-dishi. Ga yadda ake yi.

1. Duba ka tabbatar babu harsashi a ciki. Bakin bindiga ya kalli inda babu kowa, ko da kuwa gwaji kake yi.

2. Kafa gindinta a kafaɗa.

3. Ɗora kuncinka a kan katakon, a wuri ɗaya kullum. Kunci na sauya wuri, ido ma ya sauya.

4. Leƙa ta tsagar baya, wato tsagar saiti da ke kusa da idonka, ka nemo tsinken gaba da ke tsaye a saman bakin bindiga.

5. Sa tsinken a tsakiyar tsagar, hasken dama da na hagu su zo daidai.

6. Daidaita kan tsinken da kafaɗun tsagar.

Hattara: a nan ake yin ɓarna. Idan tsakanin tsaga da tsinke santimita 50 ne, karkatar milimita 1 kacal za ta kauce da harsashi santimita 10 a nisan mita 50.

7. Kai kan tsinken inda kake hari.

8. Kafa idonka a kan tsinken. Ido ba ya iya ganin abu uku masu nisa daban-daban tangaran lokaci guda. Bar tsagar da abin harin su yi hazo-hazo, haka ake so. Na san zuciya na son kallon takardar da kake hari, amma ka daure.

9. Saki rabin numfashi, ka tsaya.

10. Matsa kunama a hankali, kada ka fizge ta.

In ido ya fara ruwa, sauke bindigar, ka huta, ka sake daga mataki na 2.