Yadda ake rage sharar asibiti mai haɗari a Legas

Duk wanda ya san bolar Olusosun da ke Ojota ya san masu tona ta. Da yawansu 'yan uwanmu ne 'yan Arewa masu tsintar roba da gwangwani, galibi ba safar hannu. Allurar da aka jefa a kwandon shara a ƙaramin asibiti a Agege ko Idi-Araba, hannunsu take zuwa. Don haka mai asibiti, nas, mai kemis da mai shara, kowa na da aiki a nan.

Da farko, a raba shara tun daga inda aka yi ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce irin ta gida, kashi 15 ne kawai mai haɗari. Amma wake ɗaya ke ɓata gari: auduga guda mai jini ta shiga buhun takardu, buhun duka ya zama abin gudu, kuɗin sarrafa shi ya ƙaru. Launin leda shi ke raba su. Baƙa ta takardu da ragowar abinci ce, ruwan ɗorawa ta bandeji da safar hannu da duk abin da ya taɓa ruwan jikin majinyaci, ja ta abin da ya fi saurin yaɗa cuta, ruwan ƙasa kuma ta magunguna da sinadarai. A ajiye kwandunan kusa da gadon majinyaci da teburin allura, domin nas mai sauri ba za ta je ƙarshen baranda neman kwando ba. A kuma koya wa masu shara launukan da yaren da suke ji, Hausa ko Yarbanci ko buroka.

Allura da reza da fasasshen kwalba ba sa shiga leda ko wace iri, sai akwatin kwali mai kauri da aka yi dominsu. Kada a mayar wa allura murfinta, a nan ake yawan sokewa. Akwatin ya kai kashi uku cikin huɗu, a rufe shi. Wanda allurar mai ciwon hanta nau'in B ta soka, yiwuwar kamuwarsa na iya kai kashi 30 cikin 100, shi ya sa nake ganin rigakafin wannan ciwo haƙƙin mai shara ne kamar yadda yake haƙƙin likita.

Sai ragewa, wadda daga sito take farawa. A sayi magani daidai buƙata, a fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa. Mutanenmu kuma na da son allura, wani in ba a tsira masa ba gani yake ba a duba shi ba. Inda ƙwaya za ta wadatar, a daure a yi masa bayani, an rage sirinji ɗaya ke nan. Ma'aunin zafin jiki mai zaiba a sauya shi da na batir. In tsohon ya fashe kada a sa tsintsiya. A buɗe taga, a tattara zaibar da kwali a zuba a kwalba mai murfi.

Abin da za a sake amfani da shi a fili yake. Kwalaye, takardu da robar ruwan sha da ba su taɓa majinyaci ba, a ware su a sayar. Almakashi da sauran kayan aiki na ƙarfe a wanke, a sa a tukunyar tururi mai zafin digiri 121. Sirinji kuwa sau ɗaya ne. Kwalaben magani a ɓare takardar jikinsu kafin su fita, kada masu jabun magani su sake cika su.

Daga nan sai ajiya da kwashewa. A ɗaure leda, a rubuta rana da sashen da ta fito, a sa a ɗaki mai kulle inda ɓera da ruwan sama ba sa shiga. A zafi irin namu kada ta wuce awa 24, lokacin sanyi awa 48. A yi rajista da LAWMA, hukumar kula da shara ta Jihar Legas, wadda ke da sashen kwashe sharar asibiti, a riƙa rubuta abin da aka miƙa a littafi. Maganin da ya lalace a tuntuɓi NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kan yadda za a hallaka shi. Kada a ba mai baro, kada kuma a cinna wuta a bayan asibiti, domin hayaƙin robar ƙarin ruwa guba ne, kuma gidajen Mushin da Agege manne suke da juna.