Yadda Ake Koya wa Yaran Zango Haɗa Pinyata Irin ta Meksiko

Pinyata ƙoƙo ne na takarda da ake yi wa ado, a cika shi da alawa, a rataye, yara su yi ta kai masa sanda ido a ɗaure har ya fashe. A Meksiko ta fi suna. Ta gargajiya tukunyar ƙasa ce da ake liƙa wa ƙaho bakwai ta zama kamar tauraro, ana fasa ta a darare tara na Posadas, bikin Kiristoci na gabanin Kirsimeti, daga 16 zuwa 24 ga Disamba. Mutanen garin Acolman, kusa da babban birnin ƙasar, su ke bugun ƙirji cewa a wajensu limaman coci suka fara ta a ƙarshen ƙarni na 16. Yau har a bikin ranar haihuwa ana yi.

Ga mai zane da ke tara yara a Nima, Mamobi ko Sabon Zango a birnin Accra, aiki ne mai arha, kuma kowane yaro yana sa hannu. Amma tun ran gini ran zane: kafin a yaga takarda ko ɗaya, ka zauna da iyaye da malamin Islamiyya. Ka gaya musu da bakinka cewa ƙaho bakwai ɗin a wurin Katolika manyan zunubai bakwai ne, fasawar kuma alamar cin galaba a kansu ce, sannan ku sana'ar hannu da sanin al'adun wasu kuka sa gaba. Gara su ji daga gare ka da su tsinta a waya. Ka kuma tsaya kan siffar tauraro. Pinyata masu siffar jaki da tsuntsu da ake gani a hotuna suna tayar da zancen mutum-mutumi, ba ka bukatar wannan rigimar.

Yara ashirin a raba su gida huɗu. Kowane gida: balan-balan babba mai zagaye guda biyu (ɗaya na ko-ta-kwana), tsohuwar jarida kamar shafi goma sha biyar, fulawa gwangwanin madara ɗaya na kowace ranar liƙi, gishiri cokali ɗaya, kwali mara kauri irin na biskit, igiya mita uku, salatif na takarda, almakashi, da takardar ado mai launi uku, wadda ake samu wajen masu kayan biki a kasuwar Makola.

Gam ɗin dafa shi ake yi. A dama fulawa gwangwani ɗaya da ruwan sanyi gwangwani ɗaya har gudaji su mutu, a juye cikin tafasasshen ruwa gwangwani huɗu, a yi ta juyawa minti uku. Kaurin koko ake nema, wanda zai bi cokali ya ɗiga a hankali. A zuba gishirin don rage fumfuna, a bari ya huce. Na ranar kaɗai ake damawa. In ya kwana a zafin Accra tsami yake yi, warin kuma ba ya barin takarda.

Jarida da hannu ake yaga ta, faɗin yatsa biyu, tsawon tafin hannu. Bakin da almakashi ya yanka ba ya kwanciya, ɗagowa yake yi in ya bushe. A hura balan-balan faɗinsa ya kai santimita 30, a ɗora a bakin bokiti don kada ya gangara. Yaro ya tsoma takarda, ya ja ta tsakanin yatsu biyu ya tatse gam, ya shimfiɗa, kowace ta hau rabin 'yar'uwarta. A bar fili kamar bakin kofi wajen ƙullin, ta nan alawa za ta shiga.

Bushewa ce ke raba gwani da ɗan koyo. Shafi uku ake yi, wato a rufe balan-balan da takarda sau uku, kuma ba a ɗora wani sai na ƙasa ya bushe ƙamas, in ka ƙwanƙwasa da farce ka ji ƙara. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yini ɗaya ya isa. A watan Yuni kuwa, ga ruwa ga iskar teku mai laima, sai kwana biyu ko uku, da fanka. Wanda ya yi gaggawa zai ga waje ya bushe, ciki na jiƙe, bayan mako guda baƙin ɗigo ya fito, ƙoƙon ya lotsa. Kada kuma a ce za a shanya a rana don sauri: iskar cikin balan-balan buɗewa take yi da zafi ta tsaga takarda, da dare ta koma ta bar ta a yamutse. Inuwa mai iska ake so. A rataye, kada a ajiye a ƙasa, don ɓera da kyankyaso sun san daɗin fulawa. A gidan haya mai yawa dare ɗaya ya ishe su.

Dabara ɗaya: shafi na biyu a yi shi da farar takardar tsohon littafin rubutu. Da haka yara za su ga inda suka rufe da inda suka tsallake. Bayan ya bushe a naɗa igiya sau biyu a gicciye, kamar ɗaurin goro, a ƙulle a sama, sannan shafi na uku ya binne ta. Igiyar da aka zura ta huda biyu kawai yage takarda take yi tun bugu na uku, pinyata ta faɗo ba ta fashe ba.

Sai a huda balan-balan a zaro. Ƙaho kuma a yanka kwali rabin da'ira, a naɗe kamar yadda mai gyaɗa ke naɗe takarda, tsawonsa santimita 20. A tsattsaga gindinsa santimita biyu-biyu, a buɗe, a manna da salatif: biyar a zagaye, ɗaya gaba, ɗaya baya. Takardar ado a yanka mata geza, a fara liƙawa daga ƙasa zuwa sama don kowane layi ya rufe kan na baya. Gam kaɗan-kaɗan, in ya yi yawa launi zuba yake yi.

Lokacin jiran bushewa shi ne na darasi. A ƙirga ƙahonin da Sifaniyanci, harshen da ake yi a Meksiko: uno, dos, tres, cuatro, cinco, seis, siete. Ja shi ne rojo, ana furta shi "roho", kore kuma verde. Abin da ya fi kama yaran da suka yi makarantar allo shi ne kalmomin da Sifaniyanci ya aro daga Larabci zamanin Andalus, lokacin da Musulmi suka yi mulki a Sifaniya: azúcar shi ne sukari, aceituna zaitun, alcalde kuwa, wanda yau ke nufin magajin gari, tushensa ɗaya da alƙali. In da taswira, a nuna musu Ikwatoriyal Gini, su ga cewa a nan Afirka ma ana jin harshen.

Ranar fasawa kada kayan ciki su wuce kilo ɗaya da rabi: alawa mai leda, dabino a ƙulle, ƙaramin biskit. Ban da cakulan, narkewa yake yi. Ban da alawa mai tsinke. A ja da'ira da alli ko toka, taku huɗu daga tsakiya ta kowane gefe, babu mai shiga sai mai sanda. Ƙanana su fara, ba a ɗaure musu ido, bugu uku-uku; manya a ɗaure da ɗankwali a juya su sau uku. Haɗarin yana lokacin da alawar farko ta faɗo, yara su ruga alhali mai sanda bai san ta fashe ba. Don haka a sa babba ɗaya wanda aikinsa kawai ya riƙe sandar kafin a ce "ku shiga". Ka kuma ɓoye leda ɗaya ta alawa a aljihu, saboda ƙananan da manya za su ture.